Sarkin Ƙofa da gaisuwar da ya kulle mini

Shekara bakwai ke nan a wannan damina da rasuwar maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen Kankiya suna ce masa Injiniya, abokan aikinsa kuma suka laƙaba masa Sarkin Ƙofa, wannan ne na ɗauka, don ya fi dacewa da shi. Ni ungozoma ce, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Kusada, ɗaya daga cikin huɗu da wata ƙungiyar ci gaban al'umma ta gina a yankinmu. Shi ne yake kula da kwamfutocin asibitocin duka, daga wani ɗan ofis a Kankiya mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.

Masu rubuta irin wannan waiwaye sukan ce mamacinsu mai fara'a ne, mai kyauta, ba ya ƙin kowa. Nawa mai ƙi ne. Sana'arsa ke nan, ya hana. Kuma sai da ya bar duniya na gane cewa a cikin duk waɗanda ya hana, ni ya fi hanawa.

Bari in fara da dalilin da ya sa aka nemo shi. Lokacin da aka kawo mana kwamfuta aka daina rubuta katin marasa lafiya a takarda, lambar sirri guda ɗaya ce ga kowa, an ma manna ta a jikin bango don kada a manta. Mai ba da kati ya sani, mai shara ya sani, ɗan'uwan mai shara ma in ya zo cajin waya ya sani. Garuruwanmu kuwa ƙanana ne, kowa surukin wani ne. Wata mata ta zo mana awo daga ƙauyen Boko, cikin bai kai ya fito ba, ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba. Kafin ta sauka daga mota labari ya riga ta isa gida. Daga baya cikin ya zube, aka yi ta surutu a kanta, ba ta sake tako ƙofarmu ba. Ba ita kaɗai ba, mata suka fara janye jiki, benci ya koma wayam ranar awo. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma ba wanda zai yarda ya yi wankan a tsakiyar kasuwa.

Abin da Sarkin Ƙofa ya yi, kamar yadda ya sha bayyana mini ina jin barci, kashi uku ne. Ya ba kowane ma'aikaci sunansa da lambarsa. Ya sa duk wanda ya buɗe katin wani, nan take a rubuta waye, katin wa, yaushe, a aika da rubutun zuwa wata na'ura da ke can wani gari mai nisa, wadda yake kira rumbu. Ni ban taɓa ganin rumbun nan ba, shi ma sau ɗaya ya je. Na ukun shi ne abin da ya jawo masa suna. Ya ce a kwamfuta ta yau da kullum, mai abu shi ke da iko da abinsa, ya ga dama ya ba wani, oga kuma ya yi yadda yake so da komai. Shi ya ƙi wannan. Ya rubuta doka ya damƙa wa na'urar kanta, ya sa mata maigadi a ciki, kowane mutum da kowace manhaja da ƙofar da aka ba su, ba ruwan maigadin da girman kujerarka. Manhajar da ke kai rubutu rumbu an ba ta izinin ɗauka da aikawa ta hanya ɗaya tak, ba ta karantawa, ba ta gogewa, ba ta dawowa da komai. Kwamitin bincike ne kaɗai ke iya dubawa, shi ma sai wani marar lafiya ya kawo ƙara, kuma layukan da suka shafi katinsa kawai za su gani. Ya ce in ɗauke shi kamar asusun ƙasa irin na yara, ana jefawa ta ɗan tsagin nan, ba a cirowa sai an fasa.

Wanzami ba ya son jarfa, in ji Hausawa, to wannan wanzamin da kansa ya fara. Dokar ta hau kansa kamar yadda ta hau kan mai ba da kati. Na tuna wani lokaci da aka sabunta manhajar, maigadin ya daina barin ta aika komai, rubutu ya taru a asibitoci kamar buhunan gyaɗa da ba mota. Kamfanin da ya sayar da kayan ya ce masa abu mai sauƙi ne, ya kashe maigadin kawai, kowa ma haka yake yi. Ya ƙi. Ya yi kwanaki yana bin ƙorafin na'urar layi-layi, yana cin tuwo da hannu ɗaya, har ya gano 'yar ƙofa guda da sabuwar manhajar ke bukata, ya buɗe ita kaɗai. Da na ce masa ya cika wahalar da kansa, sai ya ce in ƙyauren ɗaki ya cije gyara shi ake yi, ba a rushe katangar gida.

Ni ma na ɗanɗana. Wata rana aka kawo mini mai naƙuda wadda katinta na asibitinmu na Kafinsoli ne, ba na Kusada ba. Na'ura ta ce ba nawa ba ne. Akwai ƙofar gaggawa da ya bari saboda irin haka, kana iya shiga, amma sai ka rubuta dalili, kuma sai kwamiti ya kira ka. Na shiga, aka haihu lafiya, bayan mako aka kira ni gaban dattawa uku ina bayani kamar wadda ta saci akuya. Sun gamsu, har sun yi godiya, amma ni raina ya ɓaci. Na dawo gida na tsaya a kansa.

Na ce, “Ka cire sunana daga cikin abin nan naka.”

Ya ce, “Ba ni iyawa.”

“Kai ka ƙera shi hwa.”

“Shi ya sa. Da ina iyawa, da ba ke kaɗai za ki roƙe ni ba.”

Na ce to miye amfanin auren Sarkin Ƙofa in matarsa ma sai ta yi sallama a zaure. Ya yi dariya har ya ƙware. Ranar miyar ta sha gishiri, ba kuma kuskure ba ne.

A nan gaisuwar ta samo asali. Ya taɓa gaya mini cewa hanyar da ta mutu da hanyar da ba kowa a kanta kamarsu ɗaya, duk shiru ne, saboda haka kullum safe sai ya aika layi guda na gwaji zuwa rumbu don ya tabbatar ana karɓa. Lamba ma ta isa, ko harafi ɗaya. Washegarin rigimar nan, da ya dawo daga ofis muna cin abinci, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Yau na rubuta ma rumbu cewa an zalunce ni da gishiri.” Daga ranar ya mayar da shi al'ada. Wata rana ya ce ya rubuta cewa an yi ruwa a Kunduru, gero ya miƙe. Wata rana ya ce ya kai ƙarata don na hana shi shan shayi na uku. Ranar da 'yarmu ta ci jarrabawa ya ce ya sanar da rumbu kafin ya sanar da danginsa. Wata rana kuma in na tambaya sai ya yi murmushi ya ce, “Na yau naki ne, amma ba a ba ki wagga ƙohwa ba.”

Mutum ne mai kunya irin ta mazan da. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa jin kalma mai taushi ta fito bakinsa kai tsaye ba, sai dai ya sayo mini fura da nono na wurin Bafulatanar da na fi so, ya ajiye ya wuce. Sai ga shi ya samu wurin da zai faɗi abin da yake so, inda ba mai karantawa, har shi kansa. Layukan gwajin ba na katin kowa ba ne, don haka ko kwamiti ba shi da hanyar zuwa gare su. A lokacin dariya abin yake ba ni. Ina da mutumin a gabana, me zan yi da rubutunsa?

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Safiyar da za mu kai shi babban asibiti, yana jingine da ƙanensa, sai da ya sa aka tsaya a ofis, ya shiga ya aika layin ranar. Na yi masa faɗa a mota, na ce aikin ba zai gudu ba. Ya ce, “Na yau mai tsawo ne.” Ban tambaye shi abin da ya rubuta ba, hankalina yana kan numfashinsa. Bai sake komawa ofishin ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa rumbu ne, kowa kuma kasuwa. Ka yi wa mutum magana a waya tsakaninku, kafin la'asar ta zaga dangi. A ɗauki hoton marar lafiya a kan gado a watsa wai ana neman addu'a, ba a tambaye shi ba. Na san zai girgiza kai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. 'Yarmu, wadda yanzu take jami'a, ta ce mini akwai na'urar da ake ba muryar mutum ta riƙa magana kamar shi, in ina so a gwada da ta babanta. Na ce Allah ya kiyaye. Ko da ina so ma, ba mu da muryar. Wayata da ke ɗauke da saƙonninsa ta faɗa bokitin wanki shekara guda bayan rasuwarsa, mai gyara ya tashe ta, amma ta tashi ba komai a cikinta. Bai bar wasiƙa ba, ba mai rubutu ba ne. Hotunansa kaɗan ne, a cikinsu duka ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Kewarsa ba ta ragu ba, ta dai koyi zama wuri ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne na fara manta yadda yake jera magana, inda yake tsayawa kafin ya saki tsokana.

Akwai wani sashe na dokarsa da na sani tun tuni amma ban taɓa kawo shi kusa da kaina ba. Rumbu ba ya riƙe komai har abada. Duk layin da ya cika shekara bakwai, na'ura da kanta take share shi, don ya ce bai kamata sirrin mutane ya fi bukatarsa daɗewa ba. Sai a farkon bana, ina shanya, lissafin ya faɗo mini. Gaisuwar gishiri ta riga ta tafi. Ta ruwan Kunduru ta tafi. Kullum gari ya waye safiya ɗaya tamu tana fita daga duniya ban sani ba, saura 'yan watannin ƙarshe, da wannan mai tsawon. Na zauna a bakin rijiya na yi kukan da ban yi ba tun ranar bakwai.

Na je wurin Malam Rabe, amininsa tun suna makaranta, wanda ya gaji aikin. Har yanzu ofishin ne, fankar ce ma, sai dai gemun mai zama ya yi fari. Na gaya masa abin da ke tafe da ni ba kwana-kwana. 

Ya ce, “Hajiya, hanya ɗaya ce. Sai an tsai da rumbun, a kashe maigadin, a shiga. Sa'annan komi na kowa yana gabana a buɗe, ba nashi kaɗai ba. Ni ba ni duba na kowa, kin san ni. Amma akwai hatimi a kan rumbun, zai nuna an taɓa hwasawa, kuma ba shi komawa yadda yake.”

Na ce, “Minti nawa ne?”

“Bai kai a sha shayi ba.”

Ya kai maganar gaban kwamiti. Shugabansu dattijo ne da na karɓi haihuwar jikokinsa kusan duka, ya ce in ba a yi wa matar Injiniya alfarma ba wa za a yi wa. Suka amince. Malam Rabe ya kira ni ya ce in na ce a buɗe, zai buɗe. Na ce a buɗe. Muka sa rana a mako mai zuwa. Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan na yi su cikin farin ciki kamar mai jiran baƙo daga tafiya, har lalle na sa.

Ana saura kwana biyu, ranar awo ce. Bencinmu yanzu cika yake yi har wasu su zauna a tabarma. Cikin waɗanda suka shigo akwai wata mai tallar nono daga wata ruga a bayan Boko, zuwanta na farko, ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa. Akwai abin da ke damunta wanda ba na jarida ba ne. Ta fara faɗa, sai ta ga hannuna a kan kwamfuta, ta katse maganar. Ta nuna ta da haɓa.

Ta ce, “Inna, wagga aba tana da baki?”

Tambayar nan na sha jin ta, amsar ma a bakina take kamar karatun sallah. Na ce mata duk wanda ya leƙa katinta sai an rubuta sunansa a wurin da ba mai gogewa, ko shugaba, ko wanda ya ƙera abin. Na ce, “Tunda anka kahwa shi ba a taɓa buɗe ma kowa ba.” Ta dube ni, ta gyara zama, ta faɗi sauran.

Bayan ta fita na kasa kiran mai bi mata a layi. Jimlar nan ta ƙarshe ita ce take sa su gyara zama, na gani ba sau ɗaya ba. Nan da kwana biyu ba zan sake iya faɗin ta ba, sai dai in ce ba a taɓa buɗewa ba sai sau ɗaya, saboda wata mai dalili mai kyau. To waye ba shi da dalili mai kyau? Shugaban da zai zo gobe yana da nasa, mai neman auren da ke son sanin lafiyar yarinya yana da nasa, kuma duk za su ce ai an yi wa matar Injiniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi ni ce na zo da tsagar, da lalle a hannuna. Na ji muryarsa a ranar, ba ta na'ura ba, yana cewa da yana iyawa da ba ni kaɗai zan roƙe shi ba.

Na kira Malam Rabe na ce a bari. Ya ce alhamdulillahi da saurin da ya sa na tambaye shi ko dama addu'a yake yi in fasa. Ya ce shi dai bai ce komai ba, amma matarsa ta shaida bai ci abincin kirki ba tun ranar da na zo.

Kada mai karatu ya ɗauka na huta. Ban huta ba. Na ci gaba da sanin cewa kowace safiya ana share guda, ina shan koko ina sani. Wani lokaci in ji haushinsa sosai, in ce wane irin mutum ne zai rubuta wa matarsa magana ya jefa a rijiya. Wani lokaci kuma in ce wataƙila ba komai a cikin mai tsawon nan sai bayanin batirin sola da ya kamata a canja, don zai iya. Ba zan taɓa sani ba, kuma shi ya tsara haka, da hannunsa, yana cikin hankalinsa.

Me ya rage nasa, in an auna? Ba gida ya bari mai bene ba, ba a sa wa titi sunansa ba. Ya bar benci cike da mata ranar awo, waɗanda ba su san shi ba, ba su kuma bukatar su san shi. Ya bar amini da ya rame don tsoron karya masa doka. Ya kuma bar rubutu guda ɗaya da kowa ke iya karantawa, wanda na manta da shi saboda na daɗe ban taɓa ƙofar da ba tawa ba.

Ranar da layinsa na ƙarshe ya rage kwana ɗaya a rumbu, na isa Kusada da wuri, kafin masu awo. Na kunna kwamfuta, na shiga da sunana. A gefe akwai ƙofar rumbu, wadda ba ta ungozoma ba ce, ban taɓa kai hannu kanta ba. Na yi bismilla na danna. Ba ta buɗe ba, dama na san ba za ta buɗe ba. Sai ga saƙon ya fito, wanda ya ƙi barinsa da Turanci tun farko, ya zauna ya rubuta da bakinsa:

“Ku yi haƙuri, wagga ƙohwa ba taku ba ce. Amma an rubuta kun zo.”

Na karanta shi har sai da na ji inda yake tsayawa kafin kalmar amma. Kwamiti zai kira ni, na sani, don na'ura na sanar da su duk wanda ya taɓa ƙofar da ba tasa ba, dattawa uku za su tambaye ni me na je nema, zan kuma gaya musu. Amma a wannan safiyar sunana ya bi hanyar nan guda ɗaya da ya bari, ya tafi gari mai nisa, ya shiga inda nasa yake. Washegari na'ura ta share nasa kamar yadda ya umarce ta. Kwana ɗaya muka yi tare a ciki.